Yadda Ake Nemo Tsohuwar Fijo 504 Mai Lafiya, A Tashe Ta, A Riƙe Ta Yadda Take

Akwai wani dattijo a unguwarmu, tsohon malamin makaranta, yana da Fijo 504 fara tun ta farkon shekarun 1980. Duk ranar Juma'a in ya faka ta a bakin masallaci sai ka ga mutane sun bar manyan jif-jif ɗin da ke gefe sun zagaye ta, wani ya leƙa ciki, wani ya shafa bodi, wani ya ce wallahi irin ta babanmu ce sak, har ƙamshin kujerun. Motar nan fa ba esi, gilashi da hannu ake murɗawa, rediyonta ma na asali ne mai allura. Abin da ke jan mutane kawai shi ne tana nan yadda ta fito daga kamfani ba a taɓa mata komai ba.

Kuma irin waɗannan su ne suka fi wuyar samu yanzu. Tsohuwar Marsandi za ka samu, don masu kuɗi ne suka saya suka killace a gareji. Amma motar ma'aikaci da ɗan kasuwa, su 504 da Bitil da Datsun 120Y da tsohuwar Corolla, aiki aka yi ta yi da su, daga motar gida ta koma tasi, daga tasi ta koma ɗaukar buhun masara a ƙauye, daga nan sai wajen masu yanka ƙarfe. Ba wanda ya yi tunanin ajiye su saboda ko'ina ka duba su ne. To ga wanda yake son ya mallaki ɗaya, ga yadda ni na ga ya dace a bi abin, zan fi tsayawa kan 504 don ita na fi sani, amma yawancin bayanin ya shafi sauran ma.

Mataki na farko ka san me kake nema da kuma dalili. 504 ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975, kuma a wannan shekarar ce dai aka buɗe masana'antar haɗa Fijo ta Kaduna, wato PAN. Faransa ta daina yin ta a 1983 amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, shi ya sa a nan ba baƙuwa ba ce, 'yar gida ce. Zamanin mulkin soja na Obasanjo ita ce motar jami'an gwamnati, ita ce ta 'yan sanda, mai dogon bayan nan kuma mai kujeru layi uku ita ta riƙe tashoshin Kano da Kaduna da Jos da Maiduguri shekara da shekaru, haka ma hanyoyin Maraɗi da Damagaram. Wannan tarihin yana da amfani a aljihunka, domin ma'anarsa har gobe akwai makanikan da suka san ta ciki da bai kuma akwai kayanta a kasuwa. Bitil ita ma an haɗa ta a Legas tun 1975, injinta a baya yake, iska ke sanyaya shi ba ruwa ba, tana da sauƙin gyara sosai amma masu gyaranta sun fara ƙaranci a Arewa, don haka kafin ka saye ta ka fara samun makaniken tukuna.

Gaskiya guda da ya kamata ka sani tun yanzu, 504 tana shan mai. Injinta mai kafireta ne, 1.8 ko 2.0, ka sa ran kamar lita 10 zuwa 12 a kilomita 100 in tana da lafiya, fiye da haka ma a cikin gari. Tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. Sannan ba ta da jakar iskar nan ta kariya, ba ta da birkin zamani. Ka ɗauke ta a matsayin mota ta biyu, ta Juma'a da ɗaurin aure da yawon yamma, ba wadda za ka dinga gudu da ita a hanyar Abuja da iyali a ciki ba.

Na biyu, inda ake nema. Kada ka fara da tasha. Motar tasha ta ga duniya, an sauke injinta ba adadi, an yi mata walda ta ko'ina. Wadda kake so tana cikin gidajen tsofaffin ma'aikata ne, a su GRA da tsofaffin kwatas na ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman jami'a, a bayan gida an lulluɓe ta da tamfol ko tana cikin gareji an jibga mata tsofaffin katifu a kai. Hanya mafi sauri ita ce ta tsofaffin makanikan Fijo, ka je garejinsu ka gaishe su da girmamawa, ka ce Baba ina neman 504 ta mutum ɗaya wadda ba ta yi haya ba, su ne suka san wane Alhaji ya daina tuƙi, wace Hajiya ce mijinta ya rasu ya bar mota. Ka bar musu lambarka da ɗan na goro, ka yi haƙuri, abin yana iya ɗaukar wata shida ko fiye. Motar da ta yi zamanta a Kano ko Sakkwato ko Katsina ta fi ta Legas da Fatakwal lafiyar ƙarfe nesa ba kusa ba saboda bushewar iskarmu, sai dai ranarmu tana cin roba da dashbod da fenti.

A nan akwai abin da mutane ke tsallakewa kuma shi ke kawo rigima. Yawancin irin motocin nan kayan gado ne. In mai ita ya rasu, kada ka biya ɗa ɗaya kuɗi a ɓoye ka ja mota, ka tabbatar an raba gadon ko kuma duk magada sun yarda, a rubuta takardar ciniki da shaidu, in da hali har da wanda ya raba gadon. Na san wanda ya kashe kuɗi mai yawa ya gyara mota tas sannan wata 'yar marigayin ta zo daga gidan aurenta ta ce ba da saninta aka sayar ba, kuma da gaskiyarta.

Na uku, dubawa, kuma nan ne zan daɗe. Ka je da rana tsaka ba da magariba ba, ka tafi da makanikenka, da tocila, da ƙaramin mayen ƙarfe, da sukundireba. Ka riƙe wannan a ranka, bodi kake saye ba inji ba. Injin 504 ana iya gyara shi ko a samo wani, amma bodin da tsatsa ta cinye sai dai faci kan faci kuma ba zai taɓa komawa daidai ba.

Ka ɗaga kafet ɗin ƙasa gaba da baya ka duba ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙafar direba da ta fasinja, in ka ga jiƙa ko ɓawon tsatsa ka danna da sukundireba a hankali, in ya lotsa to ka san inda aka kwana. Ka duba dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofofi, da gindin ƙofofin kansu, da cikin but musamman kusurwoyi, da kewayen gilashin gaba da na baya inda roba ta tsufa ruwa ke shiga. Ka buɗe bonet ka duba inda kan shokazoba na gaba ke ɗaure, wannan wajen in ya ruɓe hatsari ne ba ado ba, sannan ƙarƙashin batir inda ruwan batir ke zuba yana cin ƙarfe. Mayen ƙarfen kuma ka naɗe shi da ƙyalle ka bi jikin motar da shi, duk inda ya ƙi kamawa to fila ce aka cika, wato an taɓa bugewa ko an rufe rami. Ɗan fila kaɗan a mota mai shekara arba'in ba abin tashin hankali ba ne, amma in rabin gefe guda duk fila ne ka yi sallama ka tafi. Ka tsaya ta gaba ka tsuguna ka kalli layin motar, ƙofofi su rufu da sauti ɗaya ba sai an ɗaga ba, tazarar bonet ta dama da ta hagu su zo daidai. In akwai rami kusa a tura ta kai a shiga ƙasa a duba shasi ko akwai walda.

Bayan haka sai ciki. Fedar birki da ta kuloci da sitiyari da kujerar direba su ne ke faɗin gaskiyar tafiyar da mota ta yi, mita tana iya ƙarya ko ta zagayo ta koma sifili. Ka ƙirga ƙananan abubuwa: tambarin zakin gaban nan, rubutun 504 na baya, marfin wili, fitilun gaba na asali, bamba, maɓallan dashbod, hannun murɗa gilashi, jak da sifana na kamfani, littafin mota in Allah ya sa yana nan. Waɗannan ƙananan abubuwa su suka fi fistin wahalar samu, kuma su ne darajar motar.

Lambar shasi da ta inji ka gwada su da abin da ke takarda harafi da harafi. In ba su yi daidai ba a yi maka bayani mai gamsarwa da rasit, in babu ka haƙura.

Na huɗu, tashin injin da ya daɗe yana barci. Don Allah kada ka bari a kawo batir a ɗaura a yi ta murza makulli wai a ji ko za ta tashi, a nan ake kashe injuna masu lafiya. Ga yadda ake yi. A cire fulogi duka huɗu, a zuba ɗan baƙin mai kamar cokali guda a kowane rami, a bar shi ya kwana. Washegari a sa sifana a fulin ƙasa a juya injin da hannu, in ya juya sumul zagaye biyu uku alhamdulillahi, in ya cije kada a tilasta, a ƙara jiƙa shi a ba shi kwanaki. A zubar da tsohon baƙin mai a kalle shi da kyau, in ya yi kalar shayi da madara to ruwa ya shiga, a sa sabo 20W-50 wajen lita huɗu da sabuwar filta. Tsohon fetur da ya shekara a tanki ya zama kamar ƙaro, a sauke tankin a wanke, a canza duk tiyon mai na roba don su ne ke tsagewa su jawo gobara, a kwance kafireta a wanke ta da haƙuri ba a faɗaɗa ramukanta da waya ba. A duba kwantak da kwandensa da wayoyin fulogi, tazarar kwantak wajen milimita 0.4 ce. Sai a murza inji da kik ba fulogi na 'yan daƙiƙu har fitilar mai ta mutu, alamar mai ya zagaya, sannan a mayar da fulogi a tayar. In ta tashi a bar ta a silo, kada a taka totur, a sa ido kan allurar zafi, a kuma ajiye abin kashe gobara kusa.

Hayaƙi kaɗan a farko ba komai, man da aka zuba ne ke ƙonewa. Shuɗin hayaƙi da ya ƙi tsayawa ringi ne ko robar bawul, fari mai kauri da ruwa na raguwa kuma gasket ne.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ran 504. Kan injin, wato top silinda, alminiyom ne, silindojin kuma irin waɗanda ake zarewa ne, ruwa na zagaye su kai tsaye, da abin toshe ruwa a gindinsu. Shi ya sa zafi ɗaya mai tsanani ya isa ya lanƙwasa top silinda. A kai lagireto a wanke, a canza tiyo da fambel da marfin lagireto, a duba famfon ruwa. Abu biyu nake roƙo. Kada a zuba ruwan rijiya ko na burtsatse zalla, gishirinsa ke toshe lagireto ya ci ƙarfe, a sa ruwan sanyaya inji na kanti. Kuma kada ka yarda a cire tamostat a jefar wai ƙasarmu da zafi, wannan al'ada ta yi yawa a garejinmu, in ya lalace a sa sabo, injin da ba ya kai zafinsa na aiki yana ƙara shan mai kuma yana saurin cinyewa, musamman da sanyin hunturu. In har ta kai ga cire top silinda, ka tsaya a kan makanike kada ya juya inji sai ya danne silindojin, in suka motsa ruwa zai dinga sauka cikin mai kuma sai an sauke komai. Tsohon makaniken Fijo ya san wannan, yaron da ya koyi aiki a kan motocin zamani ba lallai ba. Saitin bawul kuma da inji a sanyaye ake yi, milimita 0.10 na shiga, 0.25 na fita.

Na biyar birki da taya, kafin ta taka titi ko da zuwa bakin layi ne. Man birki yana shan danshi, a zubar da shi duka a sa sabo, a canza robobin masta da tiyon birki na roba, a duba birkin hannu. Taya ko da zanenta na nan kamar sabo, ka duba lambobi huɗun da ke gefenta, biyun farko mako ne biyun ƙarshe shekara, 2315 na nufin mako na 23 a 2015. Wadda ta haura shekara shida zuwa bakwai a zafin nan namu a cire ta. Ka sa girman da kamfani ya sa a wili 14 ɗinta na ƙarfe. Bushin da shokazoba in an sabunta su, za ka gane dalilin da ya sa ake cewa 504 tana shanye rami, taushin nan nata shi ne rabin daɗinta. A duba man giya da na aksul na baya ma, mutane na mantawa da su shekara goma.

Kayan gyara, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Ladipo a Legas. Ka tafi da tsohon a hannu ka gwada. Sau da yawa na asali da aka ciro daga wata motar ya fi sabon jabu mai sheƙi a kwali, musamman kafireta da distirbuta da fitilu. Duk abin da aka cire daga motarka ka karɓa ka ajiye a kwali, kar ka bar shi a gareji.

Na shida shi ne inda na fi jin ciwo, gyaran jiki. Mutum zai samu mota da fentinta na asali, ya ɗan dushe kawai, sai ya kai ta a watsa mata wani ja mai ƙyalli, a sa wilin alminiyom, a baƙanta gilashi, a yanka dashbod a cusa rediyo mai allo, a huda ƙofofi a sa sifiku. Daga ranar ta zama tsohuwar mota kawai irin kowacce. Fentin asali sau ɗaya ake yin sa. Ka fara da wanki mai kyau da folish a hannu, za ka sha mamakin yadda kalar ke dawowa. Inda tsatsa ta kama a kankare wajen kaɗai, a sa maganin tsatsa, a haɗa kala a taɓa. In dole sai an yi fenti gaba ɗaya to a yi kalar da ta zo da ita, a cire gilasai da robobi da bamba a yi aiki na gaskiya, kuma ka dinga leƙa fanal bita kullum don ka ga ƙarfe ya sa ko fila. Kujera in ta yage a wuri ɗaya a ɗinke wurin, in za a sake a nemo yadi mai kama da nata a bi ɗinkin asali. Waya kuma ka samu rewaya mai haƙuri ya bi ta ɗaya bayan ɗaya ya cire duk ƙulle-ƙullen da aka yi a baya, ya mayar da fiyus na gaskiya inda aka naɗa waya ko takardar sigari.

Akwai masu tambaya ko a mayar da ita mai gas saboda tsadar fetur. Injin kafireta yana karɓa, amma tukunyar za ta cinye but kuma sai an huda wurare. In motar aiki ce ba laifi, in wadda ake adanawa ce ni dai ba zan yi ba.

Takardu ka sabunta su duka da sunanka, lasisin mota, inshora, takardar lafiyar mota ta VIO, da shaidar mallaka. Tsohuwar lambarta ko an ba ka sabuwa ka ajiye ta, tarihi ce.

Na ƙarshe ajiya. Inuwa ta fi komai, rumfar kwano ma ta wadatar in ba gareji. Kada ka lulluɓe ta da leda ko tamfol mai riƙe danshi da damina, yadi mai shan iska ya fi. Lokacin hunturu kada ka goge ƙura da busasshen tsumma, yashi ne kake gogawa a fenti, ka fara zuba ruwa, kuma ka dinga duba filtar iska akai-akai. Ka sa abin tare rana a gilashin gaba saboda dashbod. Ɓera babban maƙiyi ne, yana cin waya yana sheƙa a cikin kujera, don haka kar a ajiye hatsi kusa da ita kuma kar a bar abinci a ciki. Bayan ruwan sama ka ɗaga kafet ka taɓa, in da laima ka nemo inda yake shiga tun kafin ya yi aiki.

Sannan ka dinga hawanta. Tayar da ita minti biyar a tsaye ba ya wadatarwa, ka fita da ita ko sau ɗaya a mako ka yi kilomita 15 zuwa 20 har inji ya yi zafi sosai, giya ta shiga duka, birki ya yi aiki. In za ka yi tafiya ta wata guda ka cire kan batir. Canjin baƙin mai duk kilomita 5,000 ko duk wata shida, wanda ya riga zuwa. Ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye a aljihun dashbod, duk abin da aka yi mata ka rubuta kwanan wata da lambar mita da sunan kayan. A but kuma kullum a samu fambel, kwantak da kwandensa, fulogi biyu, fiyus, galan na ruwa, da sifana 10, 13 da 17, yawancin abin da zai tsayar da 504 a hanya da waɗannan ake tayar da ita a gefen titi.